Faɗin Yatsa Biyu

…to ko ya shiga, me zai ce? Ta ina ake fara irin wannan magana? Isma'ila ya sake wuce Ƙofar Kuyambana ta birnin Zariya a kan babur, karo na uku ke nan, yana kallon gabansa kamar ba unguwarsu ba, kamar ba a nan aka binne cibiyarsa ba. Ga mai yana wuya a gari — shekaranjiya awa huɗu ya yi a layi kafin ya samu galan biyu — amma yau shi ne yake ƙona shi a banza yana zagayen ganuwa. Takardar tana aljihun gaba, yana jin ta a ƙirjinsa. Takardar fakis ce, irin mai santsin nan da ke naɗe kanta. Ƙarfe goma na safe ta fito daga inji a ɗan ofishinsa na Tudun Wada, daga Legas, daga kamfanin haɗa kwamfutar da shi ne wakilinsa a nan Arewa. Wakili fa. Har da kati mai sunansa da ruwan zinariya. Layi bakwai ne kacal a takardar, kuma tuni ya haddace su.

Ciniki ya faɗi da kashi arba'in da shida cikin ɗari… layin farko ke nan. Haka kamfani yake, duk bayan wata uku sai ya hau sikeli ya auna kansa, wannan awon kuwa ya fi na baya muni. Kuma ba wai mutane ba sa so ba ne — abin da ke cin ransa ke nan. So suke yi. Malaman jami'a daga Samaru har gida suke biyo shi. Wani likita sau biyar yana zuwa, zuwan ƙarshe ko zama bai yi ba. Kowa kwamfutar cinya yake nema, 'yar ƙaramar nan da ake ninkewa kamar littafi a rataya a kafaɗa, ita kuma wata shida ke nan ko ɗaya ba ta iso ba. Wai gilashin fuskarta ne ya yi ƙaranci. Wai can gabas mai nisa masana'antu biyu ko uku ne kaɗai suka iya yin sa, manyan kamfanonin duniya sun kwashe, ƙaramin kamfani irin na Legas sai dai ya jira abin da ya rage. Babu kuwa abin da ya rage.

Yaya za a yi ka gaya wa Baffa Labaran haka? Mutumin da ya haura shekara hamsin yana dukanci, wanda a iya saninsa kasuwa ba ta mutuwa sai masu saye sun ɗauke ƙafa. Har yana jin yadda za ta kaya: Baffa, masu saye suna nan jingim, kaya ne babu… To su yi mana… Ba su da gilashi… Gilashi? Gilashin da ke cike da kasuwar Sabon Gari? — A'a. Ba ta nan za a fara ba.

Ai da iyakarta ke nan, da da sauƙi. Layi na shida da na bakwai, su ne suka hana shi shiga gida. An daina wannan samfurin. Wanda zai maye gurbinsa baɗi, in Allah ya kawo shi, ya fi shi faɗi da santimita uku da rabi, saboda haka kamfani ba ya bukatar jakunkunan fatar da aka yi magana. Suna godiya. Har da godiya. Ya ɗauki rula a kan tebur ya duba, ya ɗora yatsunsa a kai… yatsa biyu. Faɗin yatsa biyu ne ya raba jaka ɗari huɗu da sittin da abin da aka ɗinka su dominsa. Suna can jibge a ɗakin da ke cikin zauren Baffa, tun daga ƙasa har kusa da azara, kowacce da tambarin kamfani da aka buga mata da ƙarfe mai zafi.

Wa ya kawo maganar? Shi dai. Babu wanda ya aike shi. Taro ne a Legas bara, ɗaki mai sanyi, kowa yana neman abin da zai faɗa manaja ya san da zamansa, sai ɗan gidan badukai ya ɗaga hannu. Me zai hana a riƙa sayar da kowace kwamfuta a cikin jakarta, ta fatar akuyar nan ja ta Zazzau, ɗinkin hannu? Ya ciro 'yar jakar da Baffa ya ɗinka masa ya tura tsakiyar tebur. Manaja ya shafa, ya sinsina, ya ce ɗari biyar, a biya in kwamfutoci sun fara fita. Har tafa masa aka yi. Tun daga Legas har Zariya bakinsa bai rufu ba, yana ta shirya yadda zai shiga zaure ya ce, Baffa, bokon da ka sa ni ga ranarsa — birki, birki. Saura kaɗan ya hau kan wani mai jaki da ke ɗauke da mangalar ƙasa. Mutumin ƙauye ne, ya juyo ya dube shi sama da ƙasa, ya ja jakinsa gefe. Da ma zagin sa ya yi.

Unguwar Babban Dodo kuma. Yaushe ya zo nan? Wani daga cikin masu zama a bakin shago ya ɗaga masa hannu: “Mai kwamfuta, ba a tsayawa?” Ya ɗaga hannu shi ma, ya ƙara wuta. Mai kwamfuta. Sunan da ya sha daɗinsa shekara uku, yau ga shi ko ta nuna wa mutane ba shi da ita, ita ma an karɓe tun watan jiya an sayar wa wani babba a Legas.

Wannan ta nunin ce ya kai zaure ran nan. Yini ɗaya tal ta yi a gidan. Baffa ya wanke hannu kafin ya taɓa ta. Bai nemi a kunna ba, shi ba ruwansa da abin da ke cikinta, ya dai juya ta, ya auna nauyinta a tafinsa, ya ce littafin ƙarfe. Sai ya jawo zare. Ba rula, ba awo na boko, zare — ya zagaya tsawonta ya ƙulle, ya zagaya faɗinta ya ƙulle, kaurinta ya ƙulle, kamar yadda yake auna Alƙur'anin mutum kafin ya yi masa gafaka. Zaren nan mai ƙulli uku yana rataye a ƙusa har yau. Shi kuwa Isma'ila yana tsaye. Bai ce a bar ɗan sarari ba? Ya ce mana… kamar ya ce. A'a, tsaya. Ya buɗe baki ne zai ce, sai Baffa ya riga shi: “Ni ba na ɗinka buhu, Sama'ila. In abu ya shiga jakata ba ya motsi.” Shi kuma ya yi dariya, don maganar ta yi masa daɗi, har ya maimaita ta a Legas da Turanci. Shi da ya san waɗannan injuna ba sa shekara biyu a kamanni ɗaya. Shi da ya sani. Baffa littafi ya saba aunawa, littafi kuwa in an rubuta shi ba ya ƙara faɗi. Wa ya kamata ya faɗa masa cewa wannan ba irin littafinsa ba ne?

A jiƙa su. A jiƙa fatar a ɗora a kan katako a ja ta, ai fata tana miƙewa… tana miƙewa rabin yatsa, ba biyu ba, kuma ɗinkin zai yage. Ko bai gaji sana'ar ba ya san wannan. To a farke gefe a ƙara ƙyalle? Baffa ya sa wa sabon aiki maho? Ya gwammace ya yanke yatsansa. A kai wa ɗaliban Samaru su zuba takardu — fayil ba ya shiga, ya gwada ɗazu da guda ɗayan da ke ofis, har ya yaga fayil ɗin don haushi. Gafaka fa? Ina. Gafaka kauri take so, waɗannan kuwa fele-fele suke, ga aljihun waya a ciki, ga tambarin mutanen Legas a goshi. An yi su don abu ɗaya tak a duniya, an kuma yi su da kyau. Da Baffa ɗan ha'inci ne, da ya yi su sakaka kamar na kasuwa, da yanzu sabuwar ta shige ta zauna.

Azahar ta wuce shi a hanya. A wani ƙaramin masallaci can Ƙofar Gayan ya tsaya, inda ba a san shi sosai ba, an riga an idar, ya ta da tasa shi kaɗai. Raka'a ta nawa ke nan? Ta uku? Ta huɗu? Goshinsa yana ƙasa amma kashi arba'in da shida cikin ɗari ne ke yawo a kansa. Astagfirullah. Ya yi sujjadar rafkanuwa, ya zauna, ya kasa tashi, ya kuma kasa zama. Wani dattijo a kusurwa yana jan carbi, hannunsa duk jijiyoyi… hannun Baffa. Ranar da Baffa ya zare basilla daga hannun Isma'ila. Yana ɗan shekara bakwai, shekara ɗaya da rasuwar mahaifinsa, ya soke babban yatsansa sau uku a yini ɗaya. Baffa, wan mahaifinsa, wanda ya ɗauke shi ya haɗa da nasa 'ya'yan, ya dubi jinin ya ce wannan hannun ba na fata ba ne, na alƙalami ne. Dattawan unguwa suka yi ta magana, ɗan badukai a makarantar boko, marayan ma da ya fi kowa bukatar sana'a. Baffa ya toshe kunnensa. Wannan aikin ai don a rufe bakin waɗancan dattawan ya kawo shi, rabinsu ma sun mutu. Don a ce ga shi, Labaran bai yi kuskure ba. Abin da ya so ke nan, wallahi abin da ya so ke nan, yanzu kuwa kunya ce take neman kashe shi.

Malam Bahago… kar ya tuna Malam Bahago. Ya tuna. Ɗan kasuwar Kano ne, shekara talatin duk gabanin azumi sai ya zo ya kwashi gafaka ɗari biyu ya yi Borno da su. Bara ya zo kamar kullum, ya tuɓe takalmi, ya zauna a buzun da ya saba zama, aka kawo masa fura. Baffa ya ce, “Malam, bana sai haƙuri, aikin ɗana nake yi.” Aikin ɗana. Malam Bahago ya dubi tarin fatun, ya dubi Isma'ila da ke tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makullin babur a yatsa, ya shanye furarsa, ya yi addu'a, ya tafi. Ba faɗa, ba ɓacin rai a fuska. An ce yanzu wasu badukai ne can Kano suke yi masa. Masu kuben wuƙa ma haka, masu linzami haka, duk an sallame su ɗaya bayan ɗaya. Jarin gidan kaf ya tafi majema ya dawo fatu. Shi kuma yana kaɗa makulli.

Ya fito ya hau babur, ya buga ya ƙi tashi, ya sake bugawa. Ina za shi? Ofis? Injin fakis ne kawai a can da kalandar kamfani mai hoton kwamfutar da ba za a ƙara yi ba. A buga waya Legas a roƙi manaja? Manajan da shi ma kujerarsa ke rawa — ciniki ya faɗi sau biyu a jere, an ce za a rage ma'aikata, wa zai saurari zancen fatar akuya? Mai yiwuwa ma shi wakilin na Arewa yana cikin waɗanda za a rage. Abin mamaki, wannan bai dame shi ba. Yana laluben tsoron rasa aikin a zuciyarsa, ya rasa inda yake. Fuskar tsoho ɗaya ce ta tare ko'ina.

Kuma ai ba yau ya sani ba. Nan ne inda take yi masa ciwo. Wata uku da suka wuce irin wannan takardar ta zo, ciniki ya faɗi da kashi ashirin, gilashi ya yi wuya, ba a san ranar zuwansa ba. Ran nan ya kamata ya ce, Baffa a dakata. Jaka ɗari biyu ne kawai a ƙasa lokacin. Me ya ce? Ya ce jirgin ruwa ne ya makara. Ƙarya 'yar ƙarama, ta kwana biyu, kafin abubuwa su daidaita. Baffa da bai taɓa ganin teku ba ya ajiye basilla ya ce, “Akwai mutane a ciki?” Ya ce akwai. “Allah ya fito da su lafiya.” Tun daga ranar duk safiya in ya durƙusa gaisuwa: Sama'ila, jirgin fa? Yana hanya, Baffa. Wata uku tsoho yana yi wa jirgin da babu shi addu'a bayan kowace salla. Wata uku yana ɗinki, yanar idon nan tana ƙara rufe masa ido, yana kai fatar har kusa da hancinsa, amma bakin kowace jaka shi yake ɗinkewa da kansa, ba ya yarda ya bar wa kowa. Ya ma faɗa, ba sau ɗaya ba, cewa in ya gama wannan ya ajiye basilla ke nan.

Matarsa Maijidda ta gane. Mata ba a ɓoye musu irin wannan, tuwo yana komawa kamar yadda aka kawo shi. Makon jiya tana kwashe kwanuka ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Baban Sailuba, ka gaya masa. Dattijo ne, ya ga abin da ya fi wannan.” Ya daka mata tsawa, wai me ta sani a harkar kamfani. Me ta sani… ta san shi. Ta san ba Baffa yake tausayi ba, kansa yake tausayi. Baffa zai yi shiru ne kawai, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ƙila ma ya tambaye shi ko ya ci abinci — to wannan ɗin ne ba zai iya ɗauka ba. Da zai zage shi, da zai ɗaga murya ya ce ka kashe mini gida, da tun ƙarfe goma da rabi ya je ya durƙusa an gama.

Babur ya fara shaƙewa. Mai ya ƙare, daidai Ƙofar Kuyambana, kamar da gangan. To. Ya sauka yana tura shi, gumi yana bin bayansa. Ya taɓa aljihu, takardar ta jiƙe, irin takardar nan da zafi ke cinye rubutunta. In ya ƙara zagaye ɗaya ƙila ta koma fara fat, kamar ba a taɓa rubuta komai ba. Da haka abin yake da ya zagaya sau goma. Lungun farko, lungu na biyu, warin rini, warin fata. Zai ce, Baffa ina da magana. A'a — Baffa, na yi maka laifi. A'a, ya fara da jirgin. Baffa, babu jirgi, ba a taɓa yin jirgi ba. Sai gilashin, sai yatsa biyun, sai… wace ƙara ce wannan?

Ƙyas… ƙyas. Wuƙa a kan katako. Ba ɗinki ba ne, ɗinki ba ya ƙara. Yanka ne.

Yau Laraba. Jiya da yamma, yana cire takalmi hankalinsa yana Legas, Baffa ya ce masa wani abu, shi kuma ya ce to Baffa, madalla. Me ya ce? Fatun ƙarshe sun dawo daga majema. Arba'in ɗin da za su cike ɗari biyar. Gobe in hantsi ya yi zan yanka. In hantsi ya yi… ƙarfe goma ke nan. Ƙarfe goma, lokacin da takarda take fitowa daga inji, fatu arba'in suna nan lafiyayyu, cikakku, ba a taɓa su ba. Fatar da ba a yanka ba komai tana iya zama. Tana zama gafaka, a ɗinka ko ashirin ne a aika wa Malam Bahago da ban haƙuri, a fara daga nan. Su ne kaɗai abin da ya rage wa gidan nan da bai riga ya zama jakar kamfani ba. Minti goma ne daga ofis zuwa nan a kan babur. Shi kuwa ya yi awa biyar yana zagayen ganuwa yana neman kalma mai taushi.

Ya jingine babur, bai ma san ya faɗi ba. Zauren yamma yake kallo, rana ta shigo ta ƙofa ta kwanta a kan katakon yanka, a nan Baffa yake zama saboda idonsa. Ga su nan a gefensa, an jera su tsaf, murabba'i a kan murabba'i, ja wur, kowanne daidai da zare mai ƙulli uku. Tarin ya kai gwiwa. A kan katako fata ɗaya ce shimfiɗe, cikakkiya, har da ƙafafunta huɗu. Isma'ila ya tsaya a bakin ƙofa, inuwarsa ta faɗa a kanta.

Baffa bai ɗago ba. “Sama'ila ne? Matsa mini daga haske, saura ɗaya.”

Saura ɗaya. Duk kalmomin da ya tara tun safe babu ko ɗaya a bakinsa. Baffa, babu… Baffa, kada… Ƙafafunsa sun gaji, komai nasa ya gaji. Abu ɗaya kawai ya gane: muddin yana tsaye a nan, tsohon ba ya ganin inda zai sa wuƙa. Bai matsa ba. Baffa Labaran yana riƙe da wuƙar a sama, yana jira.